Tuta ko Abin Nunawa: Wa Ya Cancanci Rumfa a Bajekolin Al'adu? Nazari Daga Puerto Rico Zuwa Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauko wata muhawara da ake yi a Amurka, kan ko tsibirin Puerto Rico ya cancanci rumfa tasa a bajekolin ƙasashen duniya na dandalin shaƙatawa na Epcot, ta auna ta da halin da Birnin Kudu da Gwaram suke ciki a kudancin Jihar Jigawa. Wuraren biyu sun yi tarayya a abu guda: suna da tarihi da al'adun da suka bambanta su da maƙwabta, amma idan an zo baje koli sai a nuna su da sunan wani babban da suke ƙarƙashinsa. Maƙalar ta kafa hujja da tarihin Epcot, da bajekolin Wembley na 1924, da bikin FESTAC na 1977, da tsarin hawan Sallah, domin nuna cewa matsayin siyasa ma'auni ne mai rauni wajen raba rumfunan al'ada. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne ko wuri yana da abin nunawa nasa, da kuma ko mutanensa ne za su riƙe ragamar nunawar.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirya biki ya san cewa rigima ba ta cika tashi a kan tuwo ba, a kan shimfiɗa take tashi: wa za a ba tabarma tasa, wa za a ce ya raɓa da wani. Bajekolin al'adu ma haka yake. Filin ƙayyadadde ne, masu son shiga suna da yawa, don haka dole mai shiri ya samo ƙa'idar da zai kare kansa da ita. Ƙa'idar da ta fi sauƙin faɗa ita ce tuta: ƙasa mai 'yancin kanta ta shigo, wadda ba ta da shi ta shiga ƙarƙashin uwar gijiyarta. A cikin gida kuma sai a ce jiha ta shigo, masarauta ko gunduma ta shiga ƙarƙashin jiharta.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce ko wannan ƙa'ida tana auna abin da ake cewa tana aunawa. An fara da misalin Puerto Rico saboda a can ne tambayar ta fito fili ƙarara, sannan aka dawo gida, inda take nan a kwance ba a cika furta ta ba.

2.0 Rumfuna Goma Sha Ɗaya a Bakin Tafki

Kamfanin Disney ya buɗe Epcot a jihar Florida ranar 1 ga Oktoba, 1982. Wani babban sashe na dandalin, wanda ake kira World Showcase, rumfuna ne da aka jera kewaye da wani tafki, kowace da gine-gine da abinci da kayan sayarwa na wata ƙasa, kuma akan ɗauko matasa 'yan asalin ƙasar su yi aiki a ciki. An fara da tara: Mekziko, Sin, Jamus, Italiya, Amurka, Japan, Faransa, Birtaniya da Kanada. Maroko ta shigo a 1984, Norway a 1988. Tun daga nan ba a ƙara ko ɗaya ba.

Da ganin wannan jeri mutum zai ce ai ƙa'idar tuta ce, tunda duka ƙasashe ne masu kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma majalisar tana da mambobi 193. Ina sauran 182? Indiya tana da tuta, Masar tana da ita, Brazil da Nijeriya ma haka, kuma babu mai rumfa a cikinsu. Tun farkon buɗe dandalin an yi shelar za a gina rumfar Sifaniya da ta Isra'ila da ta yankin tsakiyar Afirka, har marubucin nan Alex Haley ya shiga aikin tsara ta Afirkan, amma ba a gina ko ɗaya ba. A wurin da aka tanadar wa Afirka, 'yan rumfunan sayar da abin sha da tsaraba ne suke tsaye. Babban abin da ya raba waɗanda suka shiga da waɗanda suka tsaya a ƙofa shi ne samun mai ɗaukar nauyi. Maroko ta shiga ne domin gwamnatin Sarki Hassan na Biyu ta rungumi aikin, ta aiko da magina da masu sassaƙa da masu jera fale-falen ado daga can, suka kwaikwayi hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marrakesh da wata ƙofar birnin Fas.

Akwai abin da ya ƙara tona asirin ƙa'idar. A 2016 an sauya wasan kwale-kwalen da ke rumfar Norway, wanda a da yake ba da labarin ƙasar, aka mayar da shi labarin fim ɗin Frozen, wanda masarautar da ke cikinsa ƙagaggiya ce, ba ta kan taswirar kowa. Idan ƙasar tatsuniya ta samu wuri a bakin tafkin saboda tana jawo 'yan kallo, da wane baki za a ce wa tsibiri mai mutane fiye da miliyan 3 ya tsaya waje don ba shi da cikakken 'yanci?

3.0 Puerto Rico: Ɗan Gida da Ba a Kira Shi Cikin Shawara

Puerto Rico tsibiri ne a tekun Karibiyan. Sifaniya ta mulke shi kusan shekara 400, har zuwa 1898 da ta miƙa shi ga Amurka bayan yaƙin da suka yi. A 1917 aka ba mutanensa zama 'yan ƙasar Amurka, a 1952 suka samu tsarin mulkin cikin gida nasu. Duk da haka, mazaunin tsibirin ba ya jefa ƙuri'a a babban zaɓen shugaban Amurka, kuma wakilinsu a majalisar dokoki ta Washington yana magana amma ba ya kaɗa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. An sha yin ƙuri'ar raba gardama kan makomar tsibirin tun daga 1967, har yau maganar ba ta mutu ba: wasu na son ya zama jiha, wasu na son a bar shi yadda yake, wasu kaɗan na son 'yanci.

Ta fuskar al'ada kuwa babu ruɗani. Harshen gida da na kasuwa Sifaniyanci ne. Kiɗan bomba, wanda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka raya a garuruwa irin su Loíza, yana nan da ransa, kuma a cikinsa makaɗi ne yake bin sawun mai rawa. Abincinsu da ya fi shahara, mofongo, soyayyar agada ce da ake kirɓawa a ƙaramin turmi, abin da duk wanda ya san sakwara zai gane danginsa. Tsoffin ganuwoyi da sansanonin yaƙi na birnin San Juan suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1983. Rumfar Amurka ta Epcot kuwa gini ne irin na Turawan Ingila da suka zauna gabashin Amurka, kuma mutum-mutumin Benjamin Franklin da na Mark Twain ne suke ba da labarin ƙasar a ciki. Cewa Puerto Rico ta riga ta samu wakilci a wannan rumfa daidai yake da a ce wa Babarbare ya kwantar da hankalinsa, an riga an wakilce shi da rawar Atilogwu tunda duk Nijeriya ce.

Wasu tarukan duniya sun daɗe da warware wannan. Puerto Rico tana zuwa gasar Olamfik da tawagarta tun 1948, kuma a 2016 Monica Puig ta ciyo mata zinare na farko a wasan tanis a Rio. A bajekolin duniya na birnin Seville a 1992 tana da rumfarta daban. Ba a ji Amurka ta rushe saboda haka ba.

4.0 Kudancin Jigawa: Matsayi Yana Sauyawa, Dutse Yana Nan

Mu dawo gida. Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne biyu cikin 27 na Jihar Jigawa, kuma suna cikin masu yawan jama'a: ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu sama da mutum dubu 300, Gwaram sama da dubu 270. Babu mai cewa matsayinsu ɗaya da na Puerto Rico a siyasance. Mutanensu cikakkun 'yan ƙasa ne masu zaɓe, har yankin ya fitar da gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992 da Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015. Kamancen yana wajen nuni ne: a kowane babban dandali, da sunan wani ake kiran su.

Wannan sunan kuwa ya sha canzawa. Dattijon da aka haifa a Gwaram kafin 1960 ya zama ɗan Lardin Kano a Jihar Arewa, ya zama ɗan Jihar Kano a 1967, ya wayi gari ɗan Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, bai kuwa matsa daga ƙofar gidansa ba. Ta fuskar sarauta ma haka. A da ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Kano tsawon zamani. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Dutse. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya soke. Da zuwan Jigawa masarautar Dutse ta tabbata, Birnin Kudu da Gwaram suka zama cikinta. Wanda yake ganin wannan tsohon labari ne ya dubi Kano, inda aka ƙirƙiri sababbin masarautu a 2019 aka rushe dokar a 2024. Abin da alƙalamin gwamna yake bayarwa da safe, alƙalamin wani yana iya karɓewa da yamma. Ma'aunin da yake sauyawa haka ba zai iya gaya mana wace al'ada ce ta isa a gani ba.

To, me yankin yake da shi da za a ce nasa ne?

Na farko, duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zanen shanu a jikin kogunan dutse, akasari da jan launi. Abin da ya ja hankalin masana shi ne shanun ba su da tozo, alhali bunaji da rahajin da Fulani suke kiwo a yankin yau duk masu tozo ne. Wato mai zanen ya ga wasu irin shanu ne da ba su ne suke yawo a dajin ba yanzu, kuma wannan kaɗai ya isa shaidar tsufa. A Dutsen Murufu kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gurbi da irin sautinsa. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma aka fi saninsa da binciken kayan Nok, ya gabatar da bayanin waɗannan zane-zane da duwatsu a taron masana tarihin Afirka na dauri da aka yi a Livingstone a 1955. Wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin domin su. Wannan abu ne da Dutse ba za ta ara ba, Kano ma ba za ta ara ba. Danginsa na kusa suna Shira da Geji ne a Jihar Bauchi, wato taswirar zanen dutse ba ta san iyakar jiha ba.

Na biyu, tarihin bakin daga. Tun daga shekarun 1840, lokacin da Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, kudancin ƙasar Kano ya zama fagen hare-hare na shekaru masu yawa. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da Ningawa a zamaninsa. Birnin Kudu da Gwaram suna kan wannan iyaka, kuma zaman iyaka yana da irin tarbiyyar da yake yi wa gari: a ganuwa, a tsarin unguwanni, a labaran kaka da kakanni, har da auratayya tsakanin waɗanda suka taɓa yaƙar juna.

Na uku, cakuɗuwar jama'a. Ban da Hausawa da Fulani, akwai Warjawa a ɓangaren Birnin Kudu da ke maƙwabtaka da Bauchi, masu harshensu da kiɗansu. Kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram mahaɗa ce ta mutanen jihohi biyu. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu kuma, wadda Aliko Dangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta, ta tara 'ya'yan garuruwa da dama tun ana Jihar Kano ɗaya.

Yanzu a ɗauki bikin baje kolin fasaha da al'adu na ƙasa, wato NAFEST, wanda aka fara a 1970 bayan yaƙin basasa. Jiha ce take shiga, tawaga ɗaya, rumfa ɗaya. Tawagar Jigawa dole ta ɗauko Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse a cikin 'yan mintoci da 'yan tebura. Mai shirya irin wannan tawaga, komai adalcinsa, abin da zai fi saurin ɗauka shi ne wanda kowa zai gane nan take: doki, rawani, algaita, kalangu. Saniya marar tozo da dutse mai amo da kiɗan Warjawa ba sa shiga wannan ƙunshi cikin sauƙi. Ba mugunta ce take fitar da su ba, tsarin rabon ne.

5.0 Darussa Biyu Daga Tarihinmu

Kafin a yi gaggawar cewa to a ba kowa rumfa, ya kamata a tuna cewa mun taɓa samun rumfa, kuma ba ta yi mana daɗi duka ba. A bajekolin Daular Birtaniya da aka yi a Wembley a 1924 da 1925, an gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa da aka kwaikwayo daga biranen Arewa irin su Kano, aka kai masu sana'a suna aiki 'yan kallo suna kewaya su. Nijeriya ba ta da tutar 'yanci a lokacin, ga shi kuwa ta samu wuri babba. Sai dai mai mulki ne ya zaɓi abin da za a nuna da yadda za a fassara shi, kuma abin da wasu jaridun Ingila suka rubuta game da mutanen ya ɓata wa ɗaliban Afirka da ke Landan rai ƙwarai. Ladipo Solanke yana cikin waɗanda suka yi ƙorafi a rubuce, kuma a 1925 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma. Darasin Wembley shi ne ana iya ba ka rumfa a kuma ƙwace maka baki.

Darasi na biyu ya fi daɗi. Bikin FESTAC da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, da hawan daba a Kaduna, shi ma ya sha rigimar wa zai shiga. Senegal ta Shugaba Senghor ta so a taƙaita shigar ƙasashen Larabawan Arewacin Afirka, Nijeriya ta ƙi, kuma ra'ayin Nijeriya ne ya yi rinjaye. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne bikin bai tsaya kan tuta ba. Baƙaƙen fatar Amurka sun zo da tawagarsu, na Birtaniya sun zo, 'yan asalin Ostireliya sun zo, ƙungiyoyin neman 'yanci na kudancin Afirka sun zo tun ƙasashensu suna hannun 'yan wariya. An karɓe su a matsayin al'ummomi masu abin nunawa, kuma su suka tsara abin da suka kawo. Wato Nijeriya da kanta ta taɓa shirya taron duniya bisa ƙa'idar da wannan maƙala take karewa.

Idan aka haɗa darussan biyu, sharuɗɗa biyu suke fitowa. Wuri ya kasance yana da abin da rumfar babbansa ba za ta iya nunawa ba tare da ta tauye shi ba. Sannan mutanen wurin su ne za su zaɓa, su gina, su yi bayani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma abin da ya sa masu ziyara suke yaba rumfar Maroko ke nan: hannun Marokawa ne ya yi ta.

6.0 Hujjojin Masu Ja

Akwai hujjoji uku masu nauyi da za a iya kawowa, kuma bai kamata a raina su ba.

Ta farko ita ce ina za a tsaya. In an ba Puerto Rico, Hawaii za ta nema, Guam za ta nema, Scotland za ta ce a raba ta da rumfar Birtaniya. In an ba Birnin Kudu, Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace kuma tana da abin da take taƙama da shi. Wannan gaskiya ne, fili ba ya miƙewa. Amma ƙarancin fili hujja ce ta a yi zaɓe da kyakkyawan ma'auni, ba ta nuna cewa tuta ce kyakkyawan ma'aunin ba. Sharaɗin farko da aka ambata yana tace da yawa: ba kowace ƙaramar hukuma ce take da zanen dutse da ke cikin kayan tarihin ƙasa ba. Ga kuma hanyar karɓa-karɓa, wadda ba baƙuwa ba ce a siyasarmu balle a al'ada: bana rumfar jiha ta ba kudu gaba, baɗi ta ba Haɗeja da fadamunta, wata shekara Gumel da kasuwar dabbobi ta Maigatari.

Ta biyu ita ce tsoron siyasa. A Puerto Rico, mai son tsibirin ya zama jiha yana iya ganin rumfa ta daban a matsayin cewa su baƙi ne a Amurka, mai son 'yanci kuma ya ɗauke ta tamkar nasara. Kamfani mai neman ciniki ba ya son shiga irin wannan. A nan gida ma, duk wanda ya ce a nuna kudancin Jigawa daban, za a samu mai raɗa cewa sabuwar masarauta yake nema ko sabuwar jiha. Amsar ita ce wannan tsoro ɗan ƙa'idar tuta ne. Saboda an saba cewa mai tuta kaɗai ake ba rumfa, shi ya sa ake karanta kowace rumfa a matsayin neman tuta. Ranar da aka raba biyun, zargin zai rasa abin kamawa. Shekara fiye da 70 Puerto Rico tana zuwa Olamfik, matsayinta na siyasa bai motsa ba saboda haka.

Ta uku ta fi sauran zurfi: shin shiga irin wannan dandali ma abin nema ne? Rumfa takan mayar da al'umma abin kallo na minti goma, a tsakanin shagon tsaraba da wurin cin abinci. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma Wembley shaida ce. Sai dai ƙin shiga ba ya hana a nuna ka. Yana barin wani ne ya nuna ka yadda ya ga dama, ko a manta da kai ɗungurungum. Maganin taƙaitawa shi ne mai abu ya riƙe abinsa, ya kuma sa rumfar ta zama ƙofa mai kai mutum ga ainihin wurin.

7.0 Hawan Sallah a Matsayin Ma'auni

Ba sai mun je Florida neman tsarin da ya warware wannan ba, domin yana fitowa a ƙofar fada sau biyu a shekara. A hawan Sallah sarki ɗaya ne, laima ɗaya ce, babu mai shakkar wanda ake yi wa jahi. Duk da haka kowane hakimi yana wucewa da tawagarsa daban: dawakinsa, kalar kayan mutanensa, makaɗansa, kirarinsa, 'yan tauri ko maharban ƙasarsa. Mai kallo da ya saba yana gane tawaga tun daga nesa kafin sanƙira ya faɗi sunanta. A da hakiman Birnin Kudu da Gwaram a Kano suke wannan hawa, yau a Dutse suke yi. Laimar ta sauya, tawagar tana nan da sunanta. Babu wanda ya taɓa cewa fitowar hakimin Birnin Kudu da mutanensa daban tawaye ne. Hasali ma yawan tawagogi da bambancinsu shi ne girman sarki. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma babban abin da yake ba hawan armashi shi ne wannan jerin gwano na mabambantan jama'a.

Hikimar da ke ciki ita ce an raba tambaya biyu da bajekolin zamani ya cakuɗa. Wa ke mulki, tambaya ce da laima take amsawa. Su wa ke nan, tambaya ce da jerin tawagogi yake amsawa. Epcot da NAFEST sun ɗauki amsar ta farko suka ce ita ce ta biyu.

8.0 Kammalawa

A bisa abin da ya gabata, amsar tambayar farko ita ce e, Puerto Rico ta cancanci rumfa, domin tana da harshe da kiɗa da abinci da gine-ginen da rumfar Amurka ba ta nunawa, da sharaɗin mutanen tsibirin ne za su tsara ta. Ko za a gina kuwa, wannan maganar kuɗi ce da lissafin kamfani, kamar yadda rumfar Afirka da ba a gina ba ta nuna, kuma gara a kira abin da sunansa a daina fakewa da tuta.

Ga Birnin Kudu da Gwaram, abin da ya rage aiki ne da ke hannun gida. Hukumar al'adu ta jiha tana iya juya rumfarta tsakanin shiyyoyi, ta bar mutanen kowace shiyya su zaɓi abin da za a kai. Masarauta da ƙananan hukumomin biyu suna iya tattara labaran zaman iyaka daga bakin tsofaffi tun suna raye, a naɗi kiɗan Warjawa da bayanin su kansu. Makarantun yankin suna iya kai ɗalibai su ga zanen da idonsu, domin abin kunya ne yaro ya gama sakandare a Birnin Kudu ya san sunan hasumiyar Paris bai taɓa hawa Dutsen Mesa ba. Yankin yana da wata fa'ida da Puerto Rico ba za ta samu a Florida ba: a can sai an kwaikwayi San Juan da siminti da fenti, a nan kuwa babban abin nunawar ba ya ɗaukuwa. Wanda yake son jin amon Dutsen Murufu dole ya biyo hanyar Wudil ya zo, ya sunkuya ya ɗauki ƙaramin dutse ya buga da hannunsa.